Gashin Ciwon Dajin Kai da Wuya: Tambayoyin da Marasa Lafiya da Masu Jinya Suka Fi Yi a Sakkwato

Mako bakwai na yi ina jinyar baffana a Sakkwato lokacin da ake yi masa gashin ciwon dajin bayan hanci. A bencin jira na zauna da mutanen Argungu da Gusau da Illela, har da waɗanda suka tsallako daga Birnin Ƙonni, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Su na tattara a nan, tare da abin da likitoci da nas-nas suka koya mana da abin da na gani da idona. Likitan da ke riƙe da fayil ɗinka shi ya san jikinka, maganarsa ita ce gaba da tawa.

Shi wannan gashin, wuta ake sa wa mutum?

A'a. Sunan ne kawai yake tsorata mutane. Haske ne mai ƙarfi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, na'ura ke auna shi daidai inda ciwon yake don ya lalata ƙwayoyinsa. Ba a ganinsa, ba a jin zafinsa a lokacin. A Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne ke da sashen wannan aiki.

Kafin a fara ana ɗumama wata roba mai raga a ɗora a fuska da wuya har ta ɗauki siffar mutum. Da ita ake riƙe kai kullum don kada hasken ya kauce. Yawanci ana zuwa Litinin zuwa Juma'a, sau 30 zuwa 35 cikin mako 6 zuwa 7, kowane zama minti 10 zuwa 20 ne, mafi yawansa ma daidaita kwanciya ne. Wasu ana haɗa musu da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, galibi wani mai suna cisplatin da ake sa wa ta jijiya kowane mako ko bayan mako uku-uku.

Zai iya cin abinci da iyali, ya ɗauki jikokinsa?

Ƙwarai kuwa. Hasken da na'ura ke bayarwa daga waje ba ya zama a jiki, da an kashe ta shi ke nan. Ciwon daji kuma ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta numfashi. Kada a ware masa ɗaki ko cokali saboda tsoro. Wanda za a nisanta da shi shi ne mai mura ko tari, musamman in ana yi masa kemo.

Wuya ake gasawa, me ya kawo tashin zuciya da amai?

Abubuwa da yawa ne suke haɗuwa, shi ya sa magani ɗaya ba ya yi wa kowa. In ana kemo, cisplatin na cikin magungunan da suka fi tayar da zuciya, kuma abin kan ci gaba har kwana uku zuwa biyar bayan an sa shi. In ciwon a bayan hanci yake, hasken na ratsawa kusa da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke kula da amai. Sai kuma majina mai kauri da ke maƙalewa a maƙogwaro tana sa yunƙuri, musamman da asuba. Magungunan ciwo masu ƙarfi su ma suna tayar da zuciya a kwanakin farko, haka taurin bayan gida, haka ƙarancin ruwa a jiki.

Saboda haka idan za ka gaya wa likita, kada ka tsaya ga "ina amai". Ka ce yaushe yake zuwa: da asuba ne, bayan gashi ne, ko kwana biyu bayan kemo, sau nawa a yini, yaushe rabonka da bayan gida. Ni ƙaramin littafi na saya ina rubutawa, kuma daga cikinsa ne nas ta gane cewa na Baffa majina ce ke kawo shi, ba ciki ba (duba amsar yawu mai kauri).

Yaushe wahalar take farawa, yaushe take lafawa?

Makon farko da na biyu yawanci da sauƙi, sai bushewar baki da canjin ɗanɗano. Daga mako na uku baki da maƙogwaro su fara ciwo. Na biyar zuwa na bakwai su ne tudun. Abin da mutane ba su sani ba, kuma yake karya musu zuciya, shi ne jiki kan ƙara tsananta kwana 7 zuwa 14 bayan zama na ƙarshe kafin ya fara saukowa. Wannan aikin hasken ne da bai gama ba. Ba alama ce ta ciwon ya ƙaru ba.

Yaya ake shan maganin amai ya yi aiki?

A sha shi kan lokaci, kada a jira sai amai ya zo. Tare shi ya fi sauƙi a kan tsayar da shi. Idan an rubuta a sha kafin gashi ko kafin abinci, a ba shi kamar rabin awa zuwa awa ɗaya. Waɗanda aka fi bayarwa su ne ondansetron da metoclopramide da dexamethasone, kowanne da halinsa. Na farko yana taurara bayan gida, wani lokaci da ciwon kai. Na biyu, a wasu mutane, yana sa rashin natsuwa ko murɗewar wuya da ido. In aka ga haka a daina a koma asibiti nan take. Na uku yana ɗaga sukari, don haka mai ciwon sukari ya faɗa tun farko.

Idan ƙwaya ta ƙi haɗiyuwa, ko tana dawowa da an sha, akwai na ruwa da na allura. A tambaya. Kada a daka kowace ƙwaya sai an ji daga mai ba da magani, don wasu ba a daka su.

Ƙananan dabaru ma suna taimakawa: a ci kaɗan-kaɗan, kada ciki ya zauna wayam, kada a kwanta sai an yi kamar awa ɗaya da cin abinci, a kuma nisanta mara lafiya da madafa. Ƙamshin suyar albasa da manja da ya saba so, yanzu shi ke fara tayar masa da zuciya. Abinci mai ɗan sanyi bai kai mai zafi tashin ƙamshi ba.

Bakinsa ya yi gyambo, ko ruwa zafi yake masa. Me za mu yi?

Fatar cikin baki tana sabunta kanta da sauri, shi ya sa hasken ke saurin taɓa ta. Babban aiki shi ne kurkure baki: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda. A kurkura a zubar bayan kowane abinci, da kafin barci, in ciwon ya yi ƙarfi kowace awa biyu. A haɗa sabo kullum. Ina roƙo a kula da kyau: bekin soda na masu yin kek nake nufi. Ba sodar haɗa sabulu ba, wadda ke ƙona nama, ba kuma kanwa ba. In akwai shakka a tsaya ga gishiri kaɗai.

A ajiye aswaki tukuna, a koma buroshi mai laushi irin na yara. Ruwan wankin baki na kanti mai yaji a harshe, a bar shi. Goro, taba sigari, tabar shaƙa da ta leɓe duk suna ƙara gyambon, sigari kuma har ƙarfin gashin take ragewa. Idan aka ga fari-fari a harshe kamar guntun kindirmo, wata cuta ce ta daban ta samu hanya, irin mai yi wa jarirai farin baki, kuma tana da maganinta, nystatin ko fluconazole.

Maganar ciwo: kada a yi dauriyar da za ta hana ci. Ana farawa da farasitamol, in bai isa ba a hau zuwa masu ƙarfi har mofin na ruwa. Mutanenmu na jin tsoron mofin, suna cewa na wanda aka cire rai da shi ne. Ba haka ba ne. A nan aikinsa ya buɗe hanyar haɗiya na 'yan makonni, daga baya a rage shi a hankali a daina. Yana taurara bayan gida, sai a karɓi maganin hakan tare da shi.

Yawu ya zama kamar igiya, dare ba barci. Akwai dabara?

Hasken na raunana guraben da ke yin yawu, sai ruwan ya ragu, yawun ya yi kauri. Kurkurar gishiri da soda ɗin nan ita ce ta fi tsinka shi. A kurkura da asuba kafin a sa komai a baki, a tofar, sannan a ci. Wannan kaɗai ya rage wa Baffa aman safiya. A ɗaga kansa da matashi biyu ko uku in zai kwanta, a ajiye masa gorar ruwa da ƙaramin kwano a gefen gado.

Lokacin hunturu abin ya fi muni, don iskar kanta a bushe take. Mukan jiƙa babban tawul mu rataya a ɗaki da dare, mu kuma kau da fanka daga fuskarsa. Turaren wuta da hayaƙin maganin sauro na tsinke suna shaƙe shi. Gidan sauro ya fi.

Me zai ci? Tuwo ya gagara, nama ya gagara.

A wannan lokaci abinci magani ne, ko da daɗi ko babu. Ɗanɗano zai gudu. Baffa ya ce shayi kamar ruwan ƙarfe yake masa, nama kamar tsumma. Duk da haka jikin da ake gasawa yana bukatar abin gina jiki fiye da da, don shi ke ɗinke gyambon.

Ƙa'idar ita ce: mai laushi, mai santsi, mai maiƙo, ba zafi, ba yaji, ba tsami. Kunun gyaɗa ya fi koko amfani nesa ba kusa ba, don koko ruwa ne ya fi yawa a ciki. A zuba masa madarar gari cokali biyu ko uku. Miyar kuɓewa da ta kuka suna taimakon haɗiya saboda yauƙinsu, a dama ɗan tuwon shinkafa a ciki har ya zama ruwa-ruwa, a sa man shanu. Alala mai laushi, ƙwai da aka dafa sosai aka murje cikin romo, dankalin Hausa da aka dama da madara, kabewa, ayaba, gwanda, kifi da aka cire wa ƙaya. Romon kaza ko na nama a niƙa shi da tsokar a bilenda a tace. Fura tana da kyau in an dama ta da madara ko yogot marar tsami, amma a yi ta a gida ba barkono ba citta da yawa. Nonon da ba a tafasa ba, a bar shi, musamman ga mai kemo wanda garkuwar jikinsa ta yi ƙasa.

Abin da za a ajiye sai an warke: kilishi, tsire, yaji, ƙuli-ƙuli, gasasshen burodi, kunun tsamiya, zoɓo, lemon zaƙi da na tsami, tumatir ɗanye. Citta tana kwantar da tashin zuciya a makonnin farko, amma da baki ya fashe sai ta koma azaba.

Kada a kawo masa babban kwano. Ganin kwanon kaɗai na sa ya ce ya ƙoshi. Ƙaramin kofi kowace awa biyu, sau shida zuwa takwas a yini, da agogo ba da yunwa ba. In akwai maganin ciwo, a ba shi rabin awa kafin. Kuma masu jinya, mu rage "daure ka ci" da faɗa. Na yi wannan kuskuren da Baffa har ya daina kallona in na shigo da kofi. Da na koma ajiyewa kusa da shi ina jan hira a kan gonarsa, sai ya riƙa kurɓa da kansa.

Ruwa nawa zai sha a wannan zafi namu?

Aƙalla lita biyu a yini in likita bai hana ba, wato ledar fiya wata guda huɗu. Kunu da romo suna cikin lissafi. Daga Maris zuwa Mayu, da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ana bukatar fiye da haka. Ga mai cisplatin wannan ba wasa ba ne, don maganin na wahalar da ƙoda in jiki ya bushe. Saboda ƙodar ne kuma ba a son ya sayi diclofenac ko ibuprofen a kemis da kansa.

Fitsari shi ne ma'auni: in ya yi ja ya ragu, ruwa bai isa ba. Bayan amai a jira kaɗan, sannan a bi da cokali-cokali na ruwan gishiri da sukari na leda. In an yi yini guda ruwa bai zauna ba, ƙarin ruwa ake bukata a asibiti (duba amsar alamun gaggawa).

An ce za a sa masa roba ta hanci. Abin ya kai haka ke nan?

Robar ba alamar ƙarshe ba ce, gada ce ta tsallake makonnin wuya. Siririya ce, tana bi ta hanci zuwa ciki, ana ɗura kunu da madara da magani ta cikinta da sirinji. Wasu ana sa musu ta fatar ciki kai tsaye. Da haɗiya ta dawo ake cirewa.

Ana auna nauyi kowane mako. Mai kilo 60 in ya zubar da kilo 3 ya kamata a tashi tsaye. Rama tana hana warkewa, tana kuma sa robar fuska ta yi sako-sako, sai hasken ya daina sauka daidai har a sake awo. Ko da roba a hanci, in likita ya yarda a ci gaba da haɗiye ɗan wani abu kullum don tsokar maƙogwaro kada ta manta aikinta. Amma in yana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ya haɗiya, a faɗa da wuri, don abinci na iya bi ta hanyar iska ya jawo ciwon huhu.

Fatar wuyansa ta yi baƙi tana saɓulewa. Rawani da alwala fa?

A fatarmu abin ya fi fitowa da duhu da ƙaiƙayi kafin saɓa. A wanke da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙamshi, a ɗan danna da tawul mai laushi, ba gogawa. Ba soso, ba turare, ba man bilicin, ba reza. Gemu zai zube da kansa a inda hasken ya bi. Man shafawa, ko da man kaɗanya ne, a nuna wa nas kafin a fara, kuma ba a sa shi a wurin da ya fashe yana ruwa; wannan sai an yi masa direshin.

Rana ita ce abokiyar gaba. A rufe wuya da yadin auduga mai laushi sako-sako. Rawani mai zagaye haɓa, wuyan riga mai aikin zare, da hijabi mai roba a wuya duk suna gurzar wurin. Alwala da ruwa ba ta ɓata gashi. In fata ta buɗe ko an naɗe ta, shari'a ta yi sauƙi da shafa a kan bandeji ko taimama. Malamin unguwa zai yi bayani.

Azumi ya zo yana tsakiyar gashi. Ya yi azumin?

Allah Ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da ta 185: ya sha, ya rama a wasu kwanaki. Wanda bakinsa ya bushe, yake shan magani kan lokaci, ƙodarsa ke bukatar ruwa, yana cikin waɗanda aka yi wa wannan sauƙi. Dattawa sun fi jin nauyin abin. In ya ƙi jin ta likita, a kawo malamin da yake girmamawa su zauna tare.

Za mu iya haɗawa da na gargajiya?

Addu'a da tofi da ruwan zamzam ba su karo da gashi. Abin tsoro shi ne jiƙe-jiƙe da sassaƙe da ba a san abin da ke ciki ba, don suna iya haɗuwa da kemo su bugi ƙoda ko hanta, sai a dakatar da magani. Zuma mai kyau wasu likitoci na yarda da ita don ciwon baki, amma a tambaya, a kuma kurkura bayanta saboda haƙora. Mai ciwon sukari ya kiyaye. Sakiya, tsaga, ƙaho ko yankan beli a wurin da ake gasawa, a'a ko kaɗan. Naman da haske ya ratsa ba ya saurin haɗewa.

Ya gaji ƙwarai. Mu je gida ya huta mako guda mu dawo?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don a kanta na ga an yi asara. Ƙwayoyin dajin kai da wuya suna ƙara saurin hayayyafa bayan 'yan makonni da fara gashi. Duk ranar da aka tsallake dama ce gare su, kuma tana rage yiwuwar warkewa. Wahalar kuma tana tsananta ne daidai lokacin da saura kaɗan a gama.

A mako na biyar Baffa ya kama hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Ɗiyata, wanga gashi ya ishe ni, mai da ni gida." Na rasa ta cewa. Wata nas ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, saura goma sha ɗaya. Ba za mu ce ka daure haka nan ba. Gaya mini wanne ya fi damunka, mu fara da shi." Ya nuna maƙogwaro. A ranar aka canza masa maganin ciwo aka yi masa ƙarin ruwa, washegari ya shiga da ƙafarsa. Kusan duk abin da ke sa mutum ya ce ya fasa, ciwo ne ko amai ko rashin ci, kuma kowanne da abin da ake yi masa.

In dole ta sa an rasa rana, saboda zazzaɓi ko hutu ko na'ura ta tsaya, a tambayi likita yadda za a cike. Wani lokaci ana yin zama biyu a yini da tazarar aƙalla awa shida. Waɗanda suka zo daga nesa su nemi masauki a cikin gari tun farko, a kuma raba jinya tsakanin mutum biyu ko uku. Zirga-zirgar mota kullum da ƙarewar kuɗi a tsakiya suna katse gashi kamar yadda ciwo ke katse shi, don haka dangi su zauna su yi lissafin mako bakwai gaba ɗaya kafin ranar farko.

Waɗanne alamu ne ba a jiran gari ya waye?

Zafin jiki da ya kai digiri 38, ko rawar sanyi, musamman ga mai kemo. Kada a ce maleriya ce a sayo magani, kada a rufe ta da farasitamol. Ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta na iya yin ƙasa, kuma awoyi kaɗan na da muhimmanci. A sayi ma'aunin zafin jiki a ajiye. Haka nan wahalar numfashi ko numfashi mai ƙara, jini daga baki ko hanci da ya ƙi tsayawa, aman da ya hana ruwa zama yini guda, ɗaukewar fitsari, ruɗewa ko barcin da ba a iya tada shi. Ƙarar kunne ko raguwar ji ga mai cisplatin ba ta kai a fita da dare ba, amma a faɗa kafin a sa na gaba.

An gama. Yaushe zai dawo daidai?

Bayan makonni biyun nan masu nauyi, gyambon baki kan warke cikin mako huɗu zuwa shida, wani ya fi haka. Ɗanɗano na dawowa a hankali cikin watanni. Baffa sai a wata na uku ya ce ya ji sukari a shayi. Bushewar baki kan daɗe, ga wasu ba ta tafiya gaba ɗaya, sai gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya. A riƙa motsa muƙamuƙi, ana buɗe baki ana rufewa sau da yawa kullum, don kada ya ƙage. Gajiya da jin sanyi da ƙiba bayan watanni ko shekaru na iya zama raunin ƙullin wuya da ake kira tayirod, gwajin jini ke nunawa, kuma yana da magani.

Haƙora su ne abin lura har abada. Rashin yawu na sa su saurin ruɓewa, ƙashin muƙamuƙin da aka gasa kuma ba ya warkewa da sauƙi in aka cire haƙori. Shi ya sa ake duba su kafin a fara gashi. A riƙa goge su da man goge baki mai fuloraid safe da dare, kuma duk likitan haƙorin da za a je wurinsa, ko bayan shekara goma ne, a fara gaya masa an taɓa yin gashi a wuya, a nuna masa takardar sallama kafin ya taɓa komai.